Maganin da Na Daka wa Fiddausi

Fiddausi ita ce ɗiyata ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Shekara ashirin da takwas ta yi a duniya, in zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan" ko "ta Shagari", don can aka kai ta aure, gidan Zayyanu tela. Ni ina Bodinga tare da ubanta Mijinyawa. Barunje ne, tun kakansa fawa suke yi, ni kuma ina yin kilishi a cikin gida ana fita da shi.

Bayan haihuwarta ta biyu maƙoƙo ya fito mata. Da farko kamar ƙwan zabo, tana rufe shi da mayafi. Cikin shekara biyu ya girma har in ta kwanta numfashi yana yi mata wuya. Zayyanu ya kai ta babban asibiti a Sakkwato aka yi mata aiki aka cire. Likita ya gaya musu cewa abin da ya kumbura wata 'yar tsoka ce da Allah ya halitta a wuyan kowa, ita ke ba jiki ɗumi da kuzari, kuma sun cire ta gaba ɗaya. Saboda haka za ta riƙa shan wata farar ƙwaya kullum da safe kafin ta ci komai, har iyakar rayuwarta. Tairoksin suke ce mata, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya ce kuma ta riƙa komawa ana awon jininta, don a san ko za a ƙara mata ko a rage.

Ta sha ƙwayar, ba ta fashi, amma ba ta koma yadda take ba. Cikin bazara, mutane suna neman inuwa, ita tana lulluɓe da zane biyu. Gashinta yana bin mataji. Fuskarta ta yi suntum. Sai ta ɗora tukunya ta zauna a gefen murhu, barci ya kwashe ta har tuwo ya kama. Yarinyar da a da ita ke yi wa rabin matan unguwarsu kitso. Uwar mijinta ba muguwar mace ba ce, amma ta fara cewa son jiki ne. Awon jinin sun je sau ɗaya. Na biyu ya faɗo cikin azumi, ɗinkin salla ya rufe Zayyanu, aka ce sai bayan salla, daga nan maganar ta bi ruwa.

Duk wannan ba daga bakinta na ji ba. Ni ba na tambaya. In Zayyanu ya biyo ya gaida ubanta a zaure, sai in ɗauko tsintsiya in yi ta sharar bakin ƙofa, wurin da na riga na share.

Zayyanu yana da ƙane, Lukman, mai kai albasa Ikko. Wata tafiya ya dawo da kwalbar magani. Ya ce wata mai sayen albasarsa tana da irin ciwon, ita ta ce masa farar ƙwayar nan haɗin kamfani ce kawai, shi ya sa ba ta karɓar kowa. Wannan kuwa daga ƙasar waje ake kawo shi, kuma da ainihin tsokar wuyan dabba ake yi, a busar a niƙa a dunƙula. Fiddausi ta ajiye farar ƙwaya ta koma wa ta kwalba. Ko maganin ne, ko yawan da take sha ne ya zo daidai da jikinta, Allah ya sani, amma ta ji sauƙi. Ƙafafunta suka yi ɗumi, ta koma kitso. Wata biyu ana haka.

Ranar da abin ya lalace, ina bayan ƙofar zaure na ji Zayyanu ya zauna ya gaida ubanta.

"Baba, wanga magani na Lukman, ashe na alade ne."

"Na mi?"

"Alade, Baba. Ta kai yarinya rigakafi, sai ta nuna wa Hadiza nas kwalbar, don ta yi mata murna. Hadiza ta karanta ta ce da wuyan alade aka yi shi. Yana nan a rubuce, mu ne ba mu iya karatun ba."

"A'uzubillahi! Mutane suna zuwa Ikko su dawo da babur, shi Lukman ya dawo muna da alade cikin kwalba."

Zayyanu bai yi dariya ba. Ya ce kwana uku ke nan ba ta ci abinci ba, sai wanke baki take yi, tana tambaya ko sallolinta na wata biyu sun karɓu. Ya ce Hadiza ta lallashe ta, ta ce wanda bai sani ba ba shi da laifi, ta koma wa farar ƙwayarta, kuma lallai su je a auna jini, wataƙila ƙari kawai take buƙata.

"To wai wace tsoka ce haka?" in ji Mijinyawa.

Ban ga abin da Zayyanu ya nuna ba, amma na ji Mijinyawa ya buga cinya.

"Wagga? Wadda ke manne ga maƙogwaro, gefe da gefe? Ai kullum sai na taɓa ta. Ba mai tambayarta, tare da wuya take tafiya."

Washegari ya kawo mini ita a ƙunshe cikin takarda don in gani. 'Yan tsoka biyu ne jajaye, kowace kamar dabino. Na juya su a tafin hannuna. Labarin Shagari kuwa ya koma yadda yake a da, har ya fi, don yanzu ga sanyin jiki ga ɓacin rai. Aka ce sai ta wuni a ɗaki ba ta ce uffan ba.

Abin da na yi tunani ke nan, kuma har yau in na bi shi daki-daki ban ga inda wata uwa za ta yi dabam ba. Na ce in dai nasara za su busar da ta alade ta yi magani, me zai hana in busar da ta ragon da aka yanka da bisimilla? Shekara talatin ina shanya nama. Ba wanda zai koya mini.

Babbar salla ta kusa. Ranar layya Mijinyawa da 'yan'uwansa rundawa su ke bi gida gida suna fiɗa. Na ce masa kowane gida suka shiga ya roƙar mini wannan tsoka. Ya ce abokan sana'arsa sun yi ta yi masa tsiya.

"Mijinyawa, kowa na neman cinya, kai kana bin maƙoshi?"

"Ku bar shi, matarsa Atika ce za ta buɗe asibiti, shi ne ɗan aike."

Amma da suka ji don wa ake yi, kowa ya tara masa. Kafin la'asar ɗin rana ta biyu na sami ƙwarya guda, ta raguna da ta awaki har da ta shanu. Na cire kitsen tas, na feɗe su siriri, ban sa gishiri ba, ban sa yaji ba. Na shimfiɗa a faifai na rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Damina ta fara sauka, in hadari ya taso sai in kwashe in kai kusa da murhu. Kwana shida suka yi ƙarau. Na wanke ƙaramin turmin da nake daka yaji har sau uku, na daka, na tankaɗe, na sake dakawa. Garin ya fito launin ƙasa, ya cika gwangwanin madara.

"Nawa za ta riƙa sha?" in ji Mijinyawa.

Na ce ta kamfani inji ne ya matse ta, shi ya sa 'yar ƙarama take isa. Tamu kuwa nama ne zalla, sai an ɗan cika hannu. Rabin cokalin shayi a cikin koko.

"Bai yi yawa ba?"

"Malam, nama ne fa. Ka taɓa jin wanda nama ya kashe?"

"Sai wanda ƙashi ya maƙale wa," ya ce, muka yi dariya.

Na ƙulle gwangwanin a tsumma na ba shi, na ce ya ba Zayyanu ya ce daga ubanta ne. Amma ta gane. Ta san dakana. Saƙon da ya dawo shi ne, a ce wa Inna na gani, Allah ya saka. Ta sake ajiye farar ƙwaya.

Ba a yi kwana goma ba labari ya fara zuwa. Ta tashi. Ta yar da zanen lulluɓi. Tana cin tuwo malmala biyu ta nemi ƙari. Tun da asuba take share gida, ta yi wanki, ta yi daka, ta kama kitso har kai biyar a wuni. Uwar mijinta ta aiko mini da goro da turmin atamfa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, kakarta ce ta raine ta tun daga yaye, amma ga shi abin da asibiti ya kasa hannuna ya yi mata.

Sati shida bayan salla matar Lukman ta haihu, na je Shagari suna. Ina shiga gidan na hango ta a tsakar gida tana tuƙa tuwon taro ita kaɗai, tana magana da sauri, tana dariya. Ta rame ƙwarai. Idanunta sun fito suna ƙyalli, rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Mata suna ta cewa, "Atika, kin ga ɗiyarki? Kumburin duk ya saɓe." Na kau da kai kamar ba da ni ake ba.

Aka sauke ni a ɗakin uwar mijinta, mata cike. Can sai ga ta da ƙwaryar fura. Ta durƙusa, kanta a ƙasa. Hannunta yana rawa har ludayi yana bugun bakin ƙwaryar, ƙwas ƙwas ƙwas.

"Inna, sannu da hanya."

"Yawwa."

Ta ajiye furar, ba ta tashi ba.

"Inna, wanga gari…"

Surukanta duk suna zaune suna kallonmu. Na mai da idona ga bango.

"Ya ƙare ne?"

"A'a, da saura. Dai…"

"To a riƙa sha. Ba a wasa da magani."

"To, Inna," ta ce, ta tashi ta fita.

Da ta juya na saci kallonta. A gefen tabon aikin da ke wuyanta wata jijiya tana harbawa kamar maƙoshin ƙadangare. Na gani da idona. Na ce a raina jini ne ya dawo jikinta. Da na koma Bodinga na sa Mijinyawa ya ci gaba da tara mini daga mayanka, na aika mata da gwangwani na biyu.

Kwana goma sha biyu bayan sunan, da hantsi, ina shanya kilishi, sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Zayyanu ya faɗo har tsakar gida ba sallama, ba hula, shi da ko a zaure ba ya haɗa ido da ni.

"Inna, ki taho. Ta faɗi bakin turmi."

Tana kwance a kujerar baya. Ban san lokacin da na shiga na ɗora ta a cinyata ba. Jikinta zafi kamar an sauke tukunya, kuma ba nauyi, sai ka ce yarinya 'yar shekara goma. Na sa hannu a ƙirjinta, zuciyar tana fizga kamar tsuntsun da aka kama, ta yi gudu ta tsaya ta sake yin gudu. Mijinyawa yana kasuwa, ba mu jira shi ba. Mun wuce Sifawa ta buɗe ido.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce."

"Kin riƙe ni gaban mutane."

"Rufe mini baki."

Ta yi murmushi. "Direba na kallonki."

"Ya kalla. Hanya aka ce ya duba."

Ta sake rufe ido. Na yi ta shafa mata kai har Sakkwato. Gashin ya yi laushi, duk ya jiƙe.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, suka sa mata ruwa da wasu wayoyi a ƙirji, suka bar mu a baranda. A nan Zayyanu ya durƙusa nesa da ni kaɗan, yana kallon ƙasa, ya faɗa mini abin da ya ɓoye. Wata guda ke nan ba ta barci. Ƙirjinta yana bugawa har shi yana ji in ya matso. Cikinta yana gudu. Ya ce ta bari su koma asibiti, ta ƙi. Ya ce to ta dakata da garin, ta ce masa, "Inna ba ta taɓa ba ni komi da hannunta ba sai wanga. In na bari ta ji, mi za ta ce?" Ya yi niyyar ya gaya mini ranar suna, kunya ta hana shi, ina suruki zai tari uwar matarsa ya ce maganinta bai yi ba. Da rawar hannun ta yi yawa kuma, sai ta ɗauka tsohon ciwon ne yake son dawowa, ta ƙara awon ya koma cokali guda.

Likitar mace ce, yarinya, ba za ta girmi Fiddausi ba. Ta fito ta tambayi maganin da take sha. Zayyanu ya zo da gwangwanin a aljihu, ya miƙa mata. Ta buɗe ta shinshina, ta dube mu.

"Mene ne wannan?"

Na gaya mata duka, tun daga kwalbar Lukman har turmin yaji.

"Nawa take sha, Mama?"

Zayyanu ya ce cokali guda, kullum.

Likitar ta rufe gwangwanin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Ta zauna kusa da ni a kan benci ta ce wannan tsoka ba kamar sauran nama ba ce, ƙarfin da ke cikinta shi ke kora zuciya. Ta ce ko waɗanda ake yi a kamfani, na dabba ne ko na haɗi, kowace ƙwaya sai an auna abin da ke cikinta, duk da haka kuma sai an riƙa duba jinin mai sha. Abin da ɗiyata take zubawa a koko kowace safiya ya kai ƙwayoyi masu yawa a haɗe, kuma na yau ba ƙarfinsu ɗaya da na gobe ba. Kuzarin da muka gani ba lafiya ba ce, jikin ne yake ƙonewa.

"Na rago ne," na ce. "Da bisimilla aka yanka."

"Na sani, Mama. Ba haram ba ne. Yawa ya yi."

Na tambaye ta ko za ta tashi. Ta ce suna iya ƙoƙarinsu, zuciyar ta gaji ƙwarai, mu yi addu'a.

Kwana biyu ta yi. Mijinyawa ya iso da yamma ran farko, ya tsaya a bakin gadon, ya fita ya zauna gindin wata bishiya. Ni ban bar gefenta ba. Tana ta surutai, wani lokaci ta kira 'ya'yanta, wani lokaci ta ce a sauke tukunya. Sau ɗaya ta dawo hankalinta sosai, ta ce in ba ta ruwa, na ba ta a cokali. Ta ce, "Inna, ki ce wa Zayyanu kitson maƙwabciyarmu Hasiya rabi na yi, a ba ta haƙuri." Ran Alhamis bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

A mota, muna komawa Shagari da ita, Zayyanu ya juyo daga gaba. Ranar ce ya fara duban fuskata.

"Inna, abin da likita ta faɗa, mu biyu muka ji. Ba mai ji daga bakina."

Na mai da idona ga hanya.

Aka yi mata sutura washegari da hantsi. Muka zauna zaman makoki a ɗakin uwar mijinta. Duk wanda ya tambaya, sai tsohuwar ta ce ciwon zuciya ne ya zo farat ɗaya, ta ƙara da cewa, "Amma dai ta ga lafiya kafin ta tafi, albarkacin uwarta." Mata su ce Allah sarki, su juyo su yi mini addu'a. Kwana biyu ina jin wannan ina haɗiyewa.

Ranar sadakar uku ɗakin ya cika har waje. Wata mata daga Dingyadi, ban ma san ta ba, ta yi gaisuwa ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Hajiya, ki gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Ɗiyata ma an yi mata aikin maƙoƙo bara, tana nan kwance kamar tsumma. An ce kina da wani gari. Ko kaɗan ne ki taimaka muna, in hankalinki ya kwanta."

Na dube ta. Mayafinta ya tsufa, ƙafarta duk ƙurar hanya. Ta yiwo tafiya don ɗiyarta.

Ban rage murya ba. Na ce, "Garin nan shi ya kashe ta." Na faɗa musu abin da likita ta ce, yadda na iya riƙe shi. Na faɗi rawar hannun da na gani da idona ranar suna, a cikin ɗakin nan, da maganar da ta fara na katse ta. Na ce wa matar ta kai ɗiyarta a auna jininta, ko da za ta sayar da akuyarta, kuma duk wanda ya ba ta wani abu a gwangwani ta zubar.

Uwar Zayyanu ta kama hannuna tana kuka.

"Atika, bari. Bari hakanan. Kwananta ne ya ƙare."

"Na sani, Yaya," na ce. "Kwananta ne ya ƙare. Amma ni na daka."

Matar Dingyadi ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Can aka kira azahar, mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman buta.